Dalilin Da Ya Sa Amurka Ta Raba Hanyoyin Imel Na Gwamnati

Gwamnatin Amurka ba ta aika imel ta hanya guda. Ma'aikatar tsaro tana aikin yau da kullum ta NIPRNet, bayanan sirri kuma ta SIPRNet, wadda aka killace daga intanet na gama-gari. Wannan rabuwar ita ce kariyar. Shi ya sa aka yi wa Hillary Clinton, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, ca saboda gudanar da aikin ofis ta na'urar imel ta gidanta daga 2009 zuwa 2013. A 2016 hukumar FBI ta ce saƙonni 110 daga cikin imel ɗinta na ɗauke da sirrin ƙasa lokacin da aka aika su. Magoya bayanta sun kafe cewa ba a ga alamar kutse ba, amma ƙwararrun masu kutse da wuya su bar sawu, kamar yadda shugaban FBI na lokacin, James Comey, ya nuna.