Masu Zanen Zariya da Adabin Nijeriya

A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, ciki har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta bijire wa kwaikwayon Turawa, tana gwama dabarun zamani da zanen gargajiya. Ƙungiyar Mbari, wadda aka kafa a Ibadan a 1961, ta haɗa masu zane da marubuta, ta kuma buga ayyukansu da kanta. Makamanciyar wannan alaƙa ta ɓulla a Kano wajejen 1990, inda marubutan Hausa suka riƙa buga littattafansu, suna ɗaukar masu zanen bango. Saboda haka wajibi ne manazarta su tattara waɗannan bangaye, su nazarce su tare da matani, kafin takardun su ruɓe.