Halin Kyanwa da na Kare a Gidajen Aujara

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda Bahaushe yake ba dabbar gida matsayi gwargwadon halinta, tare da misali daga Aujara, cikin ƙasar Jahun ta Jihar Jigawa.

Kyanwa 'yar ɗaka ce, mai tsabta da ji da kai, ba ta amsa kira sai ta ga dama. Manomi yana riƙon ta domin ta tsare masa gero da dawa daga ɓarnar ɓera. Malamai kuma sun ce sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne.

Kare kuwa, duk da amanarsa, ƙofar gida ce iyakarsa. Aikinsa gadi da farauta, ya san takun maigida, ya san na baƙo.

Sanin halin nan kariya ne. Karen da ya saba wasa da yara, in ya shiga dalalar da yawu yana kai wa kowa cizo, ana zargin ciwon hauka, wanda yake kisa. Duk wanda ya ciza, a wanke raunin da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti.