Kafin A Kama Ɗaki A Zanzibar: Abin Da Waya Za Ta Nuna Wanda Hoton Otal Ya Ɓoye

Hotunan otal-otal ɗin Zanzibar da ke manhajojin kama ɗaki kusan duk kamarsu ɗaya: farin yashi, itatuwan kwakwa, ga shuɗin ruwa yana taɓa bakin baranda. Amma baƙon da ya biya kuɗin mako guda a ƙauyen Paje ko Jambiani zai iya fitowa da hantsi ya tarar ruwan ya janye ya yi nisa, sai fili na jiƙaƙƙen yashi da mata suna aikin ciyawar teku. Ba a yi masa ƙarya ba, hoton na gaske ne, an dai ɗauke shi ne lokacin da teku ya cika.

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi wajen zaɓen masauki a tsibiri: a fara da kallon ɗaki, alhali ɓangaren tsibirin da ɗakin yake da kuma kwanakin zuwa su ne suka fi tasiri a kan hutun. Wayar da ake kallon hotunan da ita tana iya amsa waɗannan tambayoyi cikin awa ɗaya, ba tare da an sayi wata na'ura ba.

A fara da taswira

Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya a cikin Tekun Indiya, kuma manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba. Mafi yawan masu zuwa hutu Unguja suke sauka, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 85. Filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yana kusa da babban birnin, a gaɓar yamma. Daga nan zuwa Nungwi, a ƙarshen arewa, kimanin kilomita 60 ne, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi a mota. Zuwa Paje kuma, a gaɓar gabas, kimanin awa ɗaya ne.

Kowane ɓangare da halinsa. Tsohon gari, wato Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yana da kasuwanni da masallatai da abincin dare na dandalin Forodhani, amma ba wurin wankan teku ba ne, kuma yawancin lungunansa mota ba ta shiga. Nungwi da Kendwa suna da ruwa mai zurfi kusa da gaɓa da kallon faɗuwar rana, sai dai akwai cunkoso da kiɗan dare. Gaɓar gabas, daga Matemwe zuwa Kiwengwa, Paje da Jambiani, ta fi shiru, kuma rana a kan teku take fitowa.

Idan aka buɗe Google Maps aka juya zuwa hoton tauraron ɗan'adam, bambancin zai fito fili. A gaɓar gabas akwai faffaɗan ɗamara mai launin kore mai haske tsakanin yashi da shuɗin ruwa mai duhu. Wannan ɗamarar ruwa ne marar zurfi, kuma farin layin da ke ƙarshenta shi ne inda igiyar ruwa ke dukan duwatsun murjani. Idan aka danna yatsa a kan otal ɗin aka riƙe, manhajar za ta ba da damar auna nisa daga nan zuwa farin layin. A wurare da dama a gabas nisan ya kai kilomita ɗaya ko fiye, kuma yawancin wannan fili ne ke bayyana idan ruwa ya janye. A Kendwa kuwa ɗamarar siririya ce, shi ya sa ake iya shiga ruwa kusan kowane lokaci.

Hoton saman yana kuma tona wasu abubuwa: ko otal ɗin da aka ce yana bakin teku yana bayan wasu gidaje ne, ko hanyar zuwa ta kwalta ce ko ta burji, ko akwai gini da ake yi a maƙwabta. A Google Earth ana iya duba tsofaffin hotunan wuri ɗaya, a ga yadda ya sauya cikin shekaru. Google Lens kuma yana taimakawa wajen gano ko an ɗauko hoton ɗaki ne daga wani otal dabam.

Kalandar Musulunci tana faɗin yadda teku zai kasance

Teku a Zanzibar yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida ne, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Janyowar wata da ta rana ce ke haddasa hakan, don haka ƙarfinsa yana bin kwanakin wata.

Wanda ya saba da ƙidayar watan Hijira yana da sauƙi a nan. A farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, wata da rana da duniya suna kan layi ɗaya, sai ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai. Bambancin tsayin ruwan yakan kai kusan mita huɗu. Wajen 7 ko 8 ga wata, da kuma 22 ko 23, motsin ya fi rauni, ruwa ba ya nisa ƙwarai. Masunta da matan da ke noman ciyawar teku a Paje da Jambiani, sana'ar da ta kankama tun 1989, da wannan lissafi suke tsara aikinsu.

Manhajoji irin su Tides Near Me suna nuna jadawalin cika da janyewar ruwa, kuma akwai shafukan intanet da ke ba da na watanni masu zuwa kyauta. Mai shirin tafiya sai ya duba jadawalin Zanzibar na kwanakin da zai yi, ya ga ƙarfe nawa ruwa zai cika. Idan da yara za a je, ruwa marar zurfi na gabas zai fi kwantar da hankali. Idan kuwa burin shi ne iyo safe da yamma, arewa ta fi dacewa, ko kuma a nemi otal mai tafkin wanka.

Iska ma tana da lissafinta. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda mutanen wurin ke kira kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba kuma ta kudu maso gabas ce, wato kusi, wadda ta fi ƙarfi a tsakiyar shekara kuma take dukan gaɓar gabas kai tsaye. Babbar damina tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da farashi ke faɗuwa, wasu otal-otal ma su rufe don gyara. Manhajar Windy tana nuna inda iska ta dosa da ƙarfinta, amma hasashenta na 'yan kwanaki ne, don haka ta fi amfani gab da tafiya.

Yadda ake karanta sharhin baƙi

Makin da ke gefen sunan otal bai isa hujja ba, sai an san wanda ya bayar da shi. A Booking.com da Airbnb, wanda ya kama ɗaki ta manhajar ne kaɗai ke iya rubuta sharhi. A Google Maps da Tripadvisor kuwa, duk mai asusu yana iya rubutawa. Kowanne yana da amfaninsa, amma ya fi kyau a haɗa biyu a gwada.

Abu na farko shi ne a jera sharhin daga na baya-bayan nan, domin otal yakan sauya hannu, ko injinsa ya lalace, kuma yabon shekara uku da suka wuce ba zai nuna hakan ba. Na biyu, a yi amfani da wurin binciken kalma a cikin sharhin, a nemi abin da ya shafi lantarki, Wi-Fi, hayaniya, sauro da ruwan wanka. Yawancin sharhin da Turanci ko Italiyanci ko Jamusanci yake, amma manhajojin suna fassarawa. Na uku, a kalli hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu, domin su ne ke nuna banɗaki da gidan sauro da yanayin gaɓa idan ruwa ya tafi. Ƙorafi ɗaya na iya zama son rai, amma idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci matsala ɗaya cikin wata uku, matsalar tana nan.

Lantarki da intanet

Unguja tana samun lantarkinta ne daga babban yankin Tanzaniya ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Da layin ya samu matsala a 2008, tsibirin ya yi kusan wata guda babu wuta, sannan ya sake yin kusan wata uku daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010. An ƙara sabuwar waya mai ɗaukar megawat 100 a 2013, abin ya yi sauƙi, amma har yanzu ana ɗauke wuta jefi-jefi. Saboda haka tambayar da ta dace a tura wa otal ba ita ce ko suna da janareta ba, a'a, ko janaretan yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da famfon ruwa da Wi-Fi, kuma ko yana kwana a kunne.

Ƙarfin wutar bolt 230 ne, soket ɗin kuma yawanci mai baki uku ne irin na Ingila, wanda ake amfani da shi a Najeriya da Gana. Mai zuwa daga Nijar ko Kamaru ko Chadi, inda aka saba da filogi mai zagayayyun ƙafafu biyu, zai buƙaci adafta. Fawabanki kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin kayan awo ba. Yawancin kamfanonin jirage suna yarda da wanda bai wuce 100Wh ba, kuma mai 20,000mAh kimanin 74Wh ne.

Kalmar Wi-Fi kyauta a shafin otal na iya nufin wajen karɓar baƙi kawai. Wanda zai yi aiki daga can yana iya roƙon a auna gudun intanet da Speedtest daga cikin ɗakin, a turo masa hoton sakamakon ta WhatsApp. Layukan Vodacom, Airtel, Halotel da Yas, wato tsohon Tigo da Zantel, suna aiki a tsibirin, kuma sai da fasfo ake yi wa layi rajista. Mai wayar da ke karɓar eSIM zai iya sayen data tun daga gida, kodayake yakan fi layin gida tsada. Sauke taswirar Unguja a waya kafin tashi ma yana da amfani, don ta yi aiki ko babu sabis.

Salla, abinci da kwanciyar hankali

Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, don haka masallaci ba ya wuya a ƙauyukan gaɓa, kuma taswira za ta nuna nisansa daga otal. Amma manyan otal-otal na baƙin Turai suna da mashaya, wasu kuma ba sa karɓar yara. A Kendwa ana shirya shagalin kiɗa na dare idan wata ya cika, abin da mai iyali zai so ya sani kafin ya kama ɗaki a kusa. Gara a tambayi otal kai tsaye game da naman da suke dafawa da kuma ko kuɗin ɗaki ya haɗa da giya, don kada a biya abin da ba za a sha ba.

Alƙibla kuma tana ba wa mutumin ƙasar Hausa mamaki. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, saboda haka arewa ake fuskanta, ba gabas ba. Idan manhajar salla ta nuna haka, ba lalacewa ta yi ba. Agogon wurin yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Wajen biyan kuɗi

'Yan Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai sun nema tun daga gida sun jira amincewar hukumar shige da fice. Wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓen ɗakin da ake iya fasawa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take. Tun daga 1 ga Oktoba 2024, baƙi 'yan ƙasar waje sai sun sayi inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar. Akwai kuma harajin da ake karɓa a kan kowane baƙo a kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da manhaja ta fara nunawa. Kuɗin mota daga filin jirgi shi ma a tsayar da shi da otal a rubuce kafin a sauka.

Akwai damfarar da ta yi ƙamari tun 2023. Ɓarayin intanet suna sace kalmar sirrin ma'aikatan otal, su shiga asusunsu na manhajar kama ɗaki, su turo wa baƙo saƙo cewa za a soke ɗakinsa idan bai sake tabbatar da katinsa ba ta wani adireshi. Saƙon yana zuwa a cikin manhajar, da sunan baƙon da kwanakinsa daidai, shi ya sa ake faɗawa. Idan irin wannan ya zo, kada a danna komai. A kira otal ɗin ta lambar da ke shafinsu, ko a tuntuɓi sashen taimako na manhajar.

Wanda zai yi mako guda ba dole ne ya zauna wuri ɗaya ba. Zai iya yin kwana biyu a Stone Town, kusa da filin jirgi da tashar jirgin ruwan Dar es Salaam, sannan ya ƙarasa sauran a gaɓar da jadawalin ruwa ya nuna ta dace da kwanakinsa. Idan Paje ko Jambiani ya zaɓa, hanyar tana ratsa dajin Jozani, inda ake ganin jajayen birai na Zanzibar, kuma direba zai iya tsayawa a can ba tare da an sake biyan wata mota ba.