Jarabar Jima'i Cuta Ce, Kuma Ana Maganinta

Uwargida, idan sha'awarki ta ƙaru a tsakiyar goyon ciki, wannan ba ciwo ba ne. Jarabar jima'i daban take. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtuka: mutum ya kasa danne sha'awarsa har wata 6 ko fiye, ya daina ya koma, aiki da iyali suna lalacewa, shi kuwa ko daɗin abin ba ya ji.

Mu a ɗakin awo, jaririn ne damuwarmu. In maigida yana neman mata a waje, tunjere, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B suna iya kama ki, su kai ga ɗan da kike ɗauke da shi. Tunjere kan jawo ɓari ko haihuwar ɗa ba rai, alhali allurar penisilin tana warkar da shi. Ku zo gwajin jini tare.

Maganin jarabar yana wurin likitan ƙwaƙwalwa, ba don mutum ya haukace ba. Ana zaman tattaunawa don gano abin da ke tayar da ita, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin rage damuwa. Mai ciki kada ta sha kowace ƙwaya sai wadda likita ya rubuta mata.