Makin Gado da Hasashen Sankarar Babban Hanji

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa gado bai tsaya ga gona da gida da dabba ba. Yakan ce wane ya gado tsawon ubansa, wance ta gado muryar uwarta, har ma ya ce cuta kaza tana bin jinin gidan su wane. Abin da ilmin zamani ya ƙara a kan wannan sani shi ne awo, watau ƙoƙarin faɗin yawan abin da mutum ya gada da alƙaluma. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani irin awo da masana suka ƙago, wanda za mu kira makin gado, da yadda ake son yin amfani da shi wajen hasashen sankarar babban hanji da dubura. Za mu duba yadda ake lissafa shi, da iyakar abin da yake iya faɗi, sa'an nan mu ga dalilin da ya sa bai dace da 'yan Afirka ba kamar yadda ya dace da Turawa.

2.0 Ita Cutar Kanta

Babban hanji shi ne ɓangaren ƙarshe na hanyar abinci, inda jiki yake tsotse ruwa daga abin da ya saura kafin ya fita ta dubura. Sankarar wannan wuri tana cikin manyan cututtukan duniya. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kimanin miliyan 1.9 suka kamu da ita, fiye da 900,000 kuma suka rasu. Ita ce ta uku a yawan kamuwa, ta biyu kuma a yawan kisa, a cikin dukan nau'o'in sankara.

Amma cutar tana da wata ɗabi'a da ta sa ake iya tare ta. Galibi takan faro ne da ɗan tsiro a bangon hanji daga ciki, wanda ba ya ciwo, kuma yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara. In likita ya leƙa hanji da wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara, aikin da ake kira kolonoskofi, zai iya ganin tsiron ya cire shi nan take. Akwai kuma gwajin bayan gida, wanda yake gano jinin da ido ba ya gani. Tambayar da take gaban hukumomin lafiya ita ce: wa za a gwada, kuma daga wace shekara? Har yanzu da shekarun haihuwa da tarihin dangi ake amsa ta. A 2021 kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45, saboda cutar ta yawaita a tsakanin masu ƙarancin shekaru. Ingila ma a wannan shekara ta fara saukowa da nata daga 60 zuwa 50. Masu nazarin makin gado suna ganin cewa shekaru kaɗai ba su isa ma'auni ba, domin sa'o'in juna biyu ba lalle ne haɗarinsu ya zo daidai ba.

3.0 Gado Iri Biyu

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu rarrabe gado iri biyu, domin sau da yawa akan cakuɗa su.

Na farko shi ne gadon lahani guda mai ƙarfi. A 1913 wani likita na Jami'ar Mishigan, Aldred Warthin, ya buga bayanin wata zuriya da sankarar hanji da ta ciki da ta mahaifa suka yi ta bi daga kakanni zuwa jikoki. Henry Lynch ya ci gaba da nazarin irin waɗannan gidaje daga 1966, shi ya sa ake kiran larurar da sunansa. A 1993 da 1994 aka gano ƙwayoyin gadon da ke jawo ta, waɗanda aikinsu shi ne gyara kurakuran da ke aukuwa sa'ad da jiki yake kwafar zaren gado. Wata larurar kuma tana fitowa daga lahani a ƙwayar gado mai suna APC, wadda aka gano a 1991. Mai ɗauke da ita hanjinsa yakan cika da ɗaruruwan tsirrai tun yana matashi, kuma in ba a yi masa aiki ba, da wuya ya tsira daga sankara. Duk ɗan da aka haifa wa mai irin wannan lahani, damar ya gaje shi rabi da rabi ce. Sai dai larurar Lynch ba ta wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari na masu sankarar hanji ba, ta biyun kuwa ba ta kai haka ba.

A 2000 aka buga wani nazari na tagwaye 44,788 daga Suwidin da Denmak da Finlan, ana ƙirga kowaɗanne biyu a matsayin ɗaya. Nazarin ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da wannan cuta daga gado yake. Tun da manyan lahanin nan ba su isa su cike wannan adadi ba, sai masana suka gane cewa akwai gado iri na biyu, watau tarin ƙananan bambance-bambance waɗanda kowane ɗaya shi kaɗai bai taka kara ya karya ba. Da yayyafi kogi kan cika. A kan wannan iri na biyu aka gina makin gado.

4.0 Yadda Ake Lissafa Makin

Zaren gado, wanda masana ke kira DNA, kamar dogon rubutu yake mai haruffa iri huɗu kawai, tsawonsa kuwa harafi kimanin biliyan 3. An kammala aikin karanta shi na farko a 2003. In aka jera rubutun mutum biyu, za a tarar sun dace kusan ko'ina, sai kimanin harafi ɗaya cikin kowane dubu ne yake saɓawa. Mu kira irin wannan wuri gurbin saɓani.

Masana sukan tara dubban masu cutar da dubban masu lafiya, su karanta miliyoyin guraben saɓani a jikin kowa, su duba inda wani harafi ya fi yawa a wajen marasa lafiya. A 2007 aka sami gurbi na farko ta wannan hanya, a kan kuromosom na 8, inda harafin haɗari yake ƙara yiwuwar kamuwa da kimanin kashi 20 cikin ɗari. A 2019 adadin guraben da aka tabbatar ya kai kimanin 100. A 2023 wani nazari da ya haɗa masu cutar 100,204 da masu lafiya 154,587, 'yan asalin Turai da gabashin Asiya, ya kai adadin zuwa 205.

Shi lissafin kansa ba mai wuya ba ne. A kowane gurbi mutum yana da harafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, saboda haka yana iya ɗaukar harafin haɗari sau biyu, ko sau ɗaya, ko ya rasa shi ɗungum. Kowane gurbi kuma an ba shi nauyi gwargwadon ƙarfin alaƙarsa da cutar. Sai a ninka adadin haruffan da nauyinsu, a tara duka, a sami jimilla ɗaya. Malamin makaranta zai gane wannan nan da nan, domin haka yake haɗa makin ɗalibi daga darussa masu nauyi dabam-dabam. Kuma kamar sakamakon jarrabawa, yawancin mutane a tsakiya suke taruwa, 'yan kaɗan a sama, 'yan kaɗan a ƙasa. Makin ba ya da ma'ana shi kaɗai, sai an kwatanta shi da na sauran jama'a. Ɗan yawu ko ɗigon jini ya isa gwajin, kuma sau ɗaya ake yi, tun da rubutun da aka haifi mutum da shi ba ya sauyawa.

5.0 Abin da Makin Yake Iya Faɗi

An daɗe da sanin cewa wanda uwarsa ko ubansa ko shaƙiƙinsa ya yi wannan cuta, haɗarinsa ya ninka na sauran jama'a kamar sau biyu, shi ya sa akan fara gwada shi da wuri. Wani nazari na 2020 ya nuna cewa makin da aka gina da guraben saɓani masu ɗimbin yawa yana iya ware kimanin kashi 30 cikin ɗari na jama'a waɗanda haɗarinsu ya yi kusa da na mai irin wannan tarihi, alhali mafi yawansu ba su san kowa da cutar a danginsu ba. Wani nazarin na 2018, wanda ya haɗa guraben saɓani 63 da abubuwa 19 na yanayin rayuwa, ya lissafa cewa tsakanin masu haɗari mafi yawa da masu mafi ƙaranci, lokacin da ya dace a fara gwaji zai iya bambanta da shekara 12 ga maza, 14 ga mata. Amfanin makin ke nan: a hanzarta gwada wasu, a jinkirta wa wasu, domin likitoci da na'urori ba su wadata ba ko a ƙasashe masu arziki.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya lura da iyakarsa. A Amurka kimanin mutum 4 cikin ɗari ne za su kamu da cutar a tsawon rayuwarsu. In makin wani ya nuna haɗarinsa ya ninka biyu, ya zama 8 cikin ɗari ke nan, watau 92 daga cikin ɗari irinsa ba za su kamu ba. Har wa yau, in aka ɗauko mai cutar ɗaya da mai lafiya ɗaya aka kwatanta makinsu, sau 65 ne kawai cikin ɗari na mai cutar zai fi yawa, alhali mai canke da ka ma zai dace sau 50. Saboda masu matsakaicin maki sun fi kowa yawa, a cikinsu ne yawancin masu cutar za su fito. Ashe makin ba ya ce wa mutum yana da sankara, ba ya kuma ba shi tabbacin kuɓuta. Bugu da ƙari, ƙiba da shan taba da barasa da rashin motsa jiki da yawan cin sarrafaffen nama duk suna ƙara haɗari, kuma waɗannan suna hannun mutum ko makinsa babba ne ko ƙarami. Waɗannan dalilai ne suka sa manyan shirye-shiryen gwajin jama'a suke dogara ga shekaru da tarihin dangi, makin kuwa yana matakin bincike.

6.0 Mudun Wani Gari

Duk wanda ya yi awon hatsi a kasuwanni dabam-dabam ya san mudun wani gari ba ya zama daidai da na wani. Haka makin gado yake. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 79 cikin ɗari na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, ga shi kuwa ba su wuce kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Nazarin ya kuma gwada makin wasu siffofin jiki da na jini, ya tarar ingancin hasashensa ga 'yan asalin Afirka ya ragu fiye da ninki huɗu.

Dalilin haka shi ne, gurbin da bincike ya gano sau da yawa ba shi ne yake jawo cutar ba, maƙwabcin mai jawo ta ne, ana gadonsu tare. Kamar a yi wa baƙo kwatancen gida da bishiyar da ke ƙofarsa ne: kwatancen zai yi aiki a unguwar da aka yi shi, a wata unguwar kuwa irin wannan bishiya a ƙofar wani take. A Afirka ɗan Adam ya fi daɗewa, nan ne kuma bambancin gado ya fi yawa, saboda haka guntayen zaren da ake gada a dunƙule sun fi gajarta, alamar da mai laifin sukan rabu. Daɗin daɗawa, yawan kowane harafi yana bambanta daga al'umma zuwa al'umma, abinci da yanayin zama ma haka. Shirin H3Africa, wanda ya fara ba da kuɗin bincike a 2012, an kafa shi ne domin rage wannan giɓi. A 2021 kuma masana na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da takwarorinsu na Amurka, suka buga nazarin da ya nuna cewa sauye-sauyen da ke cikin ƙarin sankarar hanji na marasa lafiya 'yan Nijeriya sun bambanta da na marasa lafiyar Amurka, kuma da yawansu sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi shafar mu. A ƙasar Hausa kusan duk jinin da ya fito ta dubura basir ake kiransa, a yi ta shan jiƙe-jiƙe wata da watanni. Sau da yawa basir ɗin ne, amma jinin da ya ƙi tsayawa, ko sauyin bayan gida da ya daɗe, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, duk suna bukatar likita ya duba, musamman ga wanda ya haura arba'in ko wanda aka taɓa yin cutar a gidansu.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa makin gado jimilla ce ta ƙananan bambance-bambance masu yawa, kuma dabam yake da gadon lahani guda irin na larurar Lynch. Yana iya jera jama'a bisa ga haɗarinsu, ya taimaka wajen yanke lokacin fara gwaji, amma ba ya yanke wa mutum ɗaya hukunci. Mun kuma ga cewa ma'aunin da ake da shi an tsara shi ne a kan Turawa, kuma ba zai auna mu daidai ba sai an yi bincike mai faɗi a kan mutanenmu, da yardarsu, tare da dokar da za ta kare sirrinsu, kamar yadda Amurka ta kafa a 2008 domin hana masu ɗaukar ma'aikata da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda gado. Kafin wannan lokaci, awon gadon da ke hannun kowa shi ne sanin cututtukan da suka taɓa iyaye da 'yan'uwa, da shekarun da suka same su, da kuma faɗa wa likita wannan tarihi ba tare da ɓoye-ɓoye ba.