Kifin maciji a akwatin gilas: na ruwan daɗi ne ko na gishiri?

Yau maganar kifin maciji za mu yi, wato dogayen kifayen nan da ake kiwo don ado a akwatin gilas. Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne, kifaye da yawa da ba su haɗa dangi ba ana sayar da su da suna ɗaya, alhali ruwan da wani ke rayuwa a ciki shi ke kashe wani.

To ya za ka gane wanne ne a hannunka? Fara da kallon bayan kansa. Idan akwai ƙananan fukafukai guda biyu a gefe, ga dogon hanci siriri mai motsi, ga ƙayoyi jere a gadon baya, wannan ɗan gidan Mastacembelidae ne. Na ruwan daɗi ne, ba ruwansa da gishiri. A cikinsu akwai Macrognathus siamensis na kogunan Tailan, wanda ba ya wuce kamar santimita 30, akwai kuma mai jan zane, Mastacembelus erythrotaenia, da kan kai kusan mita ɗaya. Wannan na biyun, don Allah kar ka saya in akwatinka ƙarami ne, komai kyansa yana jariri.

Akwai kuma namu na gida, Erpetoichthys calabaricus. Ka ji sunan Kalaba a ciki ko? Daga ruwayen kudancin Najeriya da Kamaru da Benin ake kama shi. Ɓawonsa tauri gare shi, kuma yana leƙowa sama ya shaƙi iska kamar yadda gaiwa ke yi. Shi ma ruwan daɗi yake so.

Inda matsalar take shi ne wajen morai. Shi ba shi da fukafukan gefe sam, ƙofar numfashinsa ɗan rami ne zagayayye, kuma kullum za ka gan shi yana buɗe baki yana rufewa. Ba faɗa yake nema ba, numfashi yake yi. Wanda aka fi kawowa shi ne Gymnothorax tile, ana kuma tallarsa a matsayin morai na ruwan daɗi. Ni dai a ganina wannan suna yaudara ce. Asalinsa bakin kogunan Indiya zuwa Indonesiya, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. In ka ajiye shi a ruwan famfo zalla, ba yau zai mutu ba, ba gobe ba, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Zai yi watanni lafiya lau, sannan ya daina cin abinci, ya rame, ya tafi. Dalili kuwa, a ruwan da babu gishiri, ruwa na ta kutsawa cikin jikinsa, gishirin jininsa na zurarewa, jikin kuma ba a gina shi don ya daɗe yana wannan kokawa ba.

Yanzu lissafi. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, a ma'aunin nauyin ruwa kuma yana nuna wajen 1.025. Ruwan gauraye na tsakanin 1.005 da 1.015. Shi Gymnothorax tile, ka kai shi 1.010 ko sama. Kar ka yi da ka, ka nemi abin awo, haidiromita ko rifiraktomita. Gishirin kuma na kiwon kifin teku ake sa wa, wanda aka haɗa da sauran ma'adanai. Gishirin miya ba zai yi ba, haka ma ruwan zartsi na rijiya, don ba ka san me ke cikinsa ba.

In kifin ya riga ya zauna a ruwan daɗi, kar ka juye masa gishiri lokaci guda. Ka narkar da shi a bokiti, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Sannan a zafin nan namu ruwa na saurin ƙafewa, gishirin kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Saboda haka in ruwa ya ragu, da ruwan daɗi za ka cike, in ba haka ba gishirin ya yi ta hauhawa.

Kafin in manta, duk waɗannan kifaye gwanayen tserewa ne. Ramin da wayar famfon iska ke bi ma ya ishe su fita, don haka a rufe akwatin ruf, a toshe ramukan da soso.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.