Fitilar da Ba Ta Shiri da Zafi

Haske ƙwaya-ƙwaya ne kamar gero. A 2015 masana suka gano cewa fallen haɗin tangistan da siliniyam, mai kaurin zarra 3 kacal, yana da gurabe masu fid da ƙwayar haske ɗai-ɗai. Da irin wannan haske za a iya aika saƙon asiri, wanda in an yi satar ji sai an gane.

Amma fa sai cikin sanyi, wajen digiri 269 ƙasa da daskarewar ruwa. Zafi yakan sa zarra makyarkyata, lantarkin da ya maƙale a gurbin ya kuɓuce, hasken ya dushe.

Ba a jima ba masanan Sidini ta Ostareliya suka sami irin gurabun a boron naitaraid, suna aiki cikin ɗumin ɗaki, ko da yake zafi yana gurɓata launinsu. Nan aikin ya rage.

Mu kwana nan.